Usur 37 a Dallas: alƙalan wasa ne suka kayar da Iowa, ko bencin LSU?

A wani wasan ƙwallon kwando na mata, saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi a tashi daga zango na uku aka busa wa Monika Czinano ta Jami'ar Iowa laifinta na huɗu. Abokan wasanta suka nufi juna domin su ɗan haɗa kai, ƙwallon ta gangaro wurin Caitlin Clark, tauraruwar Iowa, ita kuma ta ɗan wurga ta ta bayanta, ta fita daga fili. Ba ta jefi kowa ba, ba ta tsaya cacar baki da kowa ba. Sai aka sake jin usur. An rubuta mata laifin saɓa ƙa'ida, wanda masu wasan ke kira tekinikal, kuma shi ne ya zama laifinta na huɗu ita ma. A daidai lokacin Iowa tana bayan abokiyar karawarta LSU da maki 9, bayan ta sha wahalar zaftare tazarar da ta kai 21. Cikin ƙiftawar ido manyan 'yan wasanta biyu suka koma bakin rami, kowacce saura mata kuskure ɗaya a kore ta.

Wannan ya faru ne ranar Lahadi 2 ga Afrilun 2023 a birnin Dallas na jihar Teksas, a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta mata ta jami'o'in Amurka, wadda hukumar NCAA ke shiryawa. Jami'ar Jihar Louisiana, wato LSU, ta ci 102 da 85. Mutum miliyan 9.9 ne suka kalli wasan a talabijin, adadin da ba a taɓa samu ba a wasan mata na jami'a kafin ranar. Kuma tun kafin a miƙa kofi gardama ta kaure, ba ta lafa ba har yau: magoya bayan Iowa na cewa an yi musu fashi da usur, magoya bayan LSU na cewa wanda aka ba tazarar maki 17 ba shi da bakin kuka da alƙali.

Ni dai ina ganin tambayoyi biyu ne aka cakuɗa wuri guda, shi ya sa kowa ke ta magana ba mai jin ɗan'uwansa. Ta farko: alƙalan sun yi aiki mai kyau? Ta biyu: su ne suka yanke wanda zai ɗauki kofi? Amsar ta farko ita ce a'a, kuma hukumar da ta tura su ma ta amsa hakan daga baya. Amsar ta biyu ma, a iya abin da wasan ya nuna, a'a ce. Ana iya ɓata wasa ba tare da an sauya wanda ya fi cancanta da shi ba, kuma abin da ya faru a Dallas ke nan.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai yi mamakin yadda usur ke da wannan ƙarfi a nan. A ƙwallon ƙafa ɗan wasa na iya yin keta sau shida ko bakwai ya gama wasa lafiya, muddin bai jawo wa kansa kati ba. A ƙwallon kwando ta jami'a kowane laifi lissafa shi ake yi a kan sunan mai shi, na biyar kuma shi ne sallama: ka koma benci, ba dawowa, sai dai a sa wani a madadinka. Wasan mata zango huɗu ne, kowanne minti 10, jimilla minti 40. A gasar ƙwararru ta maza, NBA, laifi shida ake ba mutum cikin minti 48, ta ƙwararrun mata kuwa, WNBA, shida ne cikin minti 40. Ka ga ke nan wajen yawan laifin da ake ba mutum, 'yar jami'a ta fi su zama a takure. Ga kuma ƙari: a jami'a tekinikal ɗin da aka rubuta wa ɗan wasa yana shiga cikin biyar ɗin nan.

Saboda haka idan alƙali ya busa usur bisa kuskure, ɓarnar ba ta tsayawa a jifan kyauta biyu da za a ba abokan hamayya. Tana bin 'yar wasan har ƙarshe. Mai laifi biyu a zangon farko, kociya kan zaunar da ita har hutun rabin lokaci. Mai laifi huɗu, ko tana cikin fili rabin mutum ce wajen tsaro, domin ba ta isa ta sa jiki ta tare kowa ba. Ta haka alƙali ke shiga aikin da ba nasa ba, ya zama shi ke zaɓar waɗanda za su taka fili. A gasar da ake yi sili ɗaya ƙwale, ƙungiyoyi 68 a 2023, wanda aka doke ya tattara ya koma gida, babu wasa na biyu da za a gyara kuskuren jiya.

A Dallas an busa laifi 37 cikin minti 40, kusan usur ɗaya kowane minti, kuma babu wasan ƙarshe na mata da aka taɓa busa haka. Rabon ya zo kusan kai da kai tsakanin ɓangarorin biyu, abin da magoya bayan LSU ke yawan kafa hujja da shi. Sai dai daidaiton lissafi ba ya nufin an yi aiki daidai. Angel Reese, tauraruwar LSU, ta samu laifi biyu tun a zangon farko, ta shafe zango na biyu a zaune. Alexis Morris ta LSU ita ma ta zauna da nata biyun. Clark ta tara uku kafin hutu, biyu daga ciki na ture mai tsaronta yayin da take riƙe da ƙwallo. Czinano, wadda Iowa ta dogara da ita a gindin kwando, an kore ta saura fiye da minti shida a tashi, da maki 13. McKenna Warnock ta Iowa ta bi bayanta kafin a tashi. Mutane kusan miliyan 10 sun zauna domin su ga Clark da Reese, sai suka shafe lokaci mai tsawo suna ganin su a kan kujera. Wannan hasara ce ta kowa, har da wanda ba ruwansa da ɓangarorin biyu.

Maganar tekinikal ɗin nan ta fi kowacce zafi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Bayan wasa shugabar alƙalan, Lisa Jones, ta yi bayani ta hannun wakilin 'yan jarida: tun da farko a zango na uku an gargaɗi Iowa kan ɓata lokaci, saboda wata 'yar wasansu ta doke ƙwallo gefe bayan an ci kwando. Doka ta ce gargaɗi ɗaya ake yi wa ƙungiya, na biyu hukunci ne, kuma Clark ba ta miƙa wa alƙaliya mafi kusa ƙwallo ba bayan an busa usur. Idan littafin doka za a buɗe, ba a yi mata ƙage ba.

Amma littafin doka bai taɓa yin alƙalanci shi kaɗai ba. A kowane wasa 'yan wasa na sakin ƙwallo a ƙasa ko su ture ta gefe bayan usur sau da dama, alƙali ya sunkuya ya ɗauka, a ci gaba. Manufar dokar ita ce hana ƙungiya cin riba da jinkiri. Wace riba Iowa ta ci a lokacin? Agogo a tsaye yake, ana shirin jifan kyauta. Alƙalin da ya ƙware yana auna nauyin hukunci da nauyin laifi, kuma a nan an ɗora wa 'yar wasan da ta fi kowa muhimmanci a fili kashi ɗaya cikin biyar na rayuwarta a wasan ƙarshe saboda ƙwallon da ta gangara ba ta cutar da kowa ba.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne abin da ake gani a ɗaya gefen. Kociyar LSU, Kim Mulkey, ta yi ta tsallake layi tana shiga fili tana ɗaga murya, har akwai inda jikinta ya haɗu da na wata alƙaliya, kuma ba a busa mata komai ba. Doka ta keɓe wa koci wurin tsayuwarsa, fita daga ciki laifi ne. To idan ranar ta bin doka ce harafi da harafi, ina hukuncin Mulkey? Idan kuma ranar ta kawar da kai ce daga ƙananan abubuwa, me ya sa ba a kawar wa Clark ba? A nan hujjar magoya bayan Iowa take da ƙarfi, kuma ban ga wanda ya ba ta gamsasshiyar amsa ba. Ɗan wasa zai iya jure alƙali mai tsauri, zai iya jure mai sassauci, domin cikin mintuna kaɗan yana gane inda aka ja layi ya daidaita jikinsa. Wanda ba a iya zama da shi shi ne mai mudu biyu, na awo da na saye. Kociyar Iowa a lokacin, Lisa Bluder, ba ta fito ta zargi kowa ba bayan wasa, amma ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta ga ba ta iya yi wa alƙalan magana, ba su ma saurare ta.

Watanni bakwai bayan haka, a Nuwamban 2023, kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito sakamakon bitar da NCAA ta yi: alƙalancin wasan bai kai matakin da ake tsammani ba. An auna hukuncin da suka yi daidai da kashi 88 cikin 100, alhali abin da aka saba gani a irin wannan wasa kashi 91 ne. Rahoton na AP ya kuma kawo wata bita mai zaman kanta da ta nuna kurakuran sun taɓa kowane ɓangare, har da laifi na biyu da aka busa wa Reese a ƙarshen zangon farko, wanda ya zaunar da ita. Wannan bayani na ƙarshe yana da muhimmanci, domin shi ne ƙofar shiga tambaya ta biyu.

Zango na biyu shi ne lokacin da usur ya fi cutar da LSU. Reese na zaune, Morris ta bi ta. Idan da alƙalai ne ke rabon nasara, a nan ya kamata Iowa ta tsere. Abin da ya faru akasin haka ne: LSU ta ci maki 32 a zangon, Iowa ta ci 20, aka tafi hutu 59 da 42. Wadda ta yi wannan aiki ita ce Jasmine Carson, wadda ta fara yawancin wasannin kakar a sahun farko amma aka mayar da ita benci a gasar, ta kuma yi wasa uku a jere kafin na ƙarshe ba ta ci ko maki ɗaya ba. Ranar ta ci 21 kafin hutu, jifa bakwai duk suka shiga, biyar daga ciki na nesa masu maki uku, na ƙarshensu ya daki allo ya faɗa daidai lokacin da ƙararrawar hutu ta kaɗa. Ta gama da 22. Gaba ɗaya 'yan bencin LSU sun kawo maki 30, na Iowa sun kawo 8. Bambancin 22 ke nan, a wasan da aka tashi da tazarar 17. Babu alƙalin da ya jefa wa Carson ƙwallo a kwando.

Daga nan gardamar ke komawa kan masu horarwa, kuma wannan ɓangaren ya fi burge ni, domin a nan ne ake ganin yadda dabarar da ta ɗaga mutum jiya ke iya kayar da shi gobe.

Kwana biyu kafin wasan ƙarshe Iowa ta yi abin da kusan ba wanda ya zata. Ta doke South Carolina 77 da 73, ƙungiyar da ke riƙe da kofi, wadda ta yi wasa 42 a jere ba a ci ta ba. Clark ta ci 41. Amma dabarar Bluder ce ta buɗe hanya: ta san South Carolina dogaye ne masu ƙarfi a gindin kwando, hannunsu kuma ba ya da tabbas daga nesa, sai ta tattara 'yan wasanta a gindin kwandon ta bar masu jifa a sake. Har an ga Clark ta yi wa Raven Johnson ta South Carolina nuni da hannu alamar ta jefa abinta, ba mai zuwa tare ta. South Carolina ta jefa na nesa 20, huɗu suka shiga. Kowa ya yaba wa Bluder.

'Yan LSU sun kalli wannan wasan. Morris ta faɗa wa 'yan jarida kafin wasan ƙarshe cewa irin wannan tsaro raini ne, kuma idan aka yi musu shi za ta ɗauke shi a matsayin cin fuska. A takarda, Bluder tana da dalilin sake mai da hankali kan gindin kwando. Ƙarfin LSU yana wurin Reese da LaDazhia Williams, kuma ƙungiyar ba ta yi suna da jifan nesa ba; mako guda kafin nan maki 54 kacal ta ci a wasanta da Miami. Duk kocin da ya duba alƙaluma zai ce a toshe ciki, a bar su su gwada daga waje. Sun gwada 17, 11 suka shiga.

Masu sukar Bluder na cewa bayan jifa na biyu ko na uku na Carson ya kamata a manna mata mai tsaro kamar kaska, ko a tsayar da wasa a sauya tsari. Akwai gaskiya a ciki. Koci yana da haƙƙin shiga wasa da lissafinsa, amma idan idonsa na nuna masa lissafin ya ɓaci, jinkirin mintuna biyar na iya cinye kaka guda. Sai dai masu kare ta ma ba su rasa abin faɗa ba. Iowa ƙungiya ce da aka gina kan cin kwando, tsaro bai taɓa zama abin alfaharinta ba, kuma idan ta baje ta bi masu jifa, Williams da Reese za su yi yadda suka ga dama a ciki. Williams ta ci 20 duk da cunkoson da aka yi mata. Bargon gajere ne: a rufe kai ƙafa ta fito. A ganina Bluder ta yi jinkiri a zango na biyu, amma ko da ta yi sauri, ba ta da isassun hannaye a benci da za ta toshe duk ramukan.

Nan kuma aikin Mulkey ya fito, kuma yawancinsa an yi shi ne watanni kafin a zo Dallas. Kakarta ta biyu ke nan a LSU bayan ta ci kofi uku da Baylor a 2005 da 2012 da 2019. Ta shigo kakar da sabbin 'yan wasa tara. Reese daga Maryland ta zo, Williams daga Missouri, Carson daga West Virginia. Morris kuwa tsohuwar 'yar wasanta ce a Baylor, wadda ta taɓa sallama daga ƙungiya, ta zaga Rutgers da Texas A&M, sannan suka sake haɗuwa a LSU. Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙungiyar da za ta iya zaunar da tauraruwarta minti 10 tazara ta ƙaru, tun lokacin ɗaukar 'yan wasa aka gina ta. Halin Mulkey a bakin fili abin suka ne, kuma na soke shi a sama. Amma wanda ya ce usur ne ya ba ta kofi na huɗu, ya sa ta zama kociya ta farko da ta ci gasar mata da jami'o'i biyu, ya tauye mata haƙƙi.

Duk da haka ba zan rufe wa magoya bayan Iowa baki gaba ɗaya ba. Suna cewa tazarar 17 yaudara ce, kuma sun yi gaskiya ta wani fanni. Bayan hutu Iowa ta dawo da ƙarfi, ta mayar da tazarar 21 zuwa ƙasa da 10, filin ya ɗauki zafi, LSU ta fara tangal-tangal. A wannan gaɓa ce aka busa usur biyun nan a jere. An shiga zango na huɗu 75 da 64, Clark na taka-tsantsan, Czinano ta dawo ba ta daɗe ba aka kore ta. Morris ta ci 15 daga cikin makinta 21 a wannan zango, a gaban masu tsaron da ke tsoron taɓa ta. Da ba a busa tekinikal ɗin ba, wasan da za a gani daban ne. Amma daban ba ya nufin Iowa ce za ta ci. Ƙungiyar da aka zura wa 59 kafin hutu, a lokacin da manyan abokan hamayyarta ke zaune, tana da matsalar da ta girmi alƙali. Clark ta gama da maki 30, da jifan nesa takwas, ta kafa tarihin maki 191 a gasa guda, kuma ba a kore ta ba. Iowa ta ci 85, adadin da ke isa a ɗauki kofi a yawancin shekaru. LSU ce ta ci 102, mafi yawa da aka taɓa ci a wasan ƙarshe na mata.

Wani abu da ya dagula gardamar shi ne abin da ya faru a mintunan ƙarshe, lokacin da Reese ta bi Clark tana kaɗa tafin hannu a gaban fuskarta tana nuna yatsan da za ta sa zoben zakaru. Clark ta yi irin wannan kaɗa hannun mako guda kafin nan a wasansu da Louisville, aka yaba mata da jarumta; da Reese ta yi, aka yi mata ca da zagi. Yawancin 'yan LSU baƙaƙen fata ne, yawancin 'yan Iowa farare, kuma a Amurka irin wannan bambancin hukunci ba ya wucewa ba a lura ba. Clark da kanta ta fito ta ce bai kamata a soki Reese ba. Amma daga ranar ra'ayin mutane da yawa kan alƙalanci ya bi ɓangaren da suka riga suka tsaya a wannan rigimar, har ya zama da wuya mutum ya ce tekinikal ɗin kuskure ne ba tare da an ɗauka yana rage wa LSU daraja ba.

Shekara guda bayan haka aka ga yadda matsayin magoya baya ke bin rigar da suka sa. Ranar 5 ga Afrilun 2024 a Cleveland, a wasan kusa da na ƙarshe, Jami'ar Connecticut, wato UConn, na bayan Iowa da maki ɗaya, ƙwallo a hannunta, saura daƙiƙa 3.9. Aka busa wa Aaliyah Edwards ta UConn laifin yin shinge tana motsi a kan Gabbie Marshall ta Iowa, a daidai lokacin da ake neman buɗe wa Paige Bueckers hanyar jifa. Iowa ta ci 71 da 69. Yanzu magoya bayan UConn ne ke cewa a bar yara su yanke wasansu da kansu, magoya bayan Iowa kuma, waɗanda bara suka yi wannan kukan, suka koma cewa doka doka ce ko a minti na farko ko a na ƙarshe. Bueckers ta ce hukunci ɗaya ba ya cin wasa ko ya kayar da shi. Marshall, wadda laifinta kawai shi ne ta tsaya inda aka buge ta, ta ce sai da ta goge kafofin sada zumunta daga wayarta saboda zagin da aka yi mata.

Maza ma sun sha wannan. A wasan ƙarshe na 2017, North Carolina ta doke Gonzaga 71 da 65 cikin laifi 44, 22 kowane ɓangare, wasan ya zama tsaya-tafi. A 1989 Michigan ta ci Seton Hall 80 da 79 da jifan kyauta biyu na Rumeal Robinson, saura daƙiƙa uku a ƙarin lokaci, bayan usur ɗin da har yanzu ake musu a kansa.

Inda na fi ganin an kauce hanya shi ne yadda aka sauke duk fushin a kan mata uku da suka riƙe usur, aka ƙyale tsarin da ya kai su wurin. Alƙalan wasan jami'a a Amurka ba ma'aikatan dindindin ba ne na wata hukuma guda. 'Yan kwangila ne, ana biyansu wasa-wasa, suna aiki wa rukunonin jami'o'i daban-daban, kowane rukuni da irin tsaurin da ya saba da shi. Idan gasar ƙasa ta zo, NCAA ta zaɓo su ɗaya-ɗaya ta haɗa su uku-uku, ba lallai su kasance sun saba aiki tare ba. Mutum uku masu ma'auni uku a wasa mafi girma na shekara, ba abin mamaki ba ne a ga layi na motsi. Bayan wasa kuma 'yan wasa masu shekara 20 da 'yan kai ne ke zama gaban 'yan jarida suna amsa tambaya da hawaye a fuska, alƙalai kuwa sai 'yar gajeriyar sanarwa kan fassarar doka. NBA tun 2015 take fitar da rahoto washegari kan hukuncin mintuna biyu na ƙarshe a wasannin da suka yi kankankan, ta ce nan an yi daidai, nan an yi kuskure. A Dallas sai da aka yi wata bakwai kafin jama'a su ji sakamakon bita, kuma a tsawon wannan shiru ne zato ya yi rassa.

Ga kuma tarihin sakaci. A 2021 'yar wasan Oregon Sedona Prince ta ɗauki bidiyon ɗan abin ɗaga ƙarfe da aka ajiye wa mata a gasarsu a San Antonio, aka kwatanta shi da katafaren ɗakin motsa jiki na maza, abin ya zama abin kunya ga NCAA. Sai a 2022 aka yarda gasar mata ta yi amfani da sunan March Madness da maza suka daɗe suna cin moriyarsa. Wasan mata ya girma da sauri, 'yan wasa sun ƙara ƙarfi da gudu, masu kallo sun ninka, har wasan ƙarshe na 2024 tsakanin South Carolina da Iowa ya wuce mutum miliyan 18, ya zarce na maza a karon farko. Horar da alƙalai da auna aikinsu da gina sabbin jini aiki ne na shekaru, kuma hukumar da ta daɗe tana ɗaukar wasan a matsayin ɗan bora ita ya kamata a fara tambaya.

Abu ɗaya dai NCAA ta gyara ba tare da jinkiri ba. Kafin a fara kakar da ta biyo baya an sauya dokar ɓata lokaci, ta yadda irin abin da Clark ta yi ba a ƙara rubuta shi a kan sunan 'yar wasa, ƙungiyar ce ke ɗaukar hukuncin. Da wannan ƙwallon ta gangara ta bayanta a kakar 2024, da Clark ta shiga zango na huɗu da laifi uku. Dokar laifi biyar kuwa tana nan yadda take, kuma ranar 1 ga Afrilun 2024, da ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a Albany a zagayen 'yan takwas, a kan Reese ta faɗa: an kore ta saura ƙasa da minti biyu, da maki 17, Clark ta ci 41, Iowa ta yi nasara 94 da 87, kuma wannan karon Mulkey ce aka tasa a gaba da tambayar me ya sa ta bar Hailey Van Lith tana tsaron Clark tsawon wannan lokaci.